Nazarin lamari: lezar da ta rasa saiti a duniyar Mars

A farkon watan Nuwamban 2014 wata 'yar ƙaramar leza da ke cikin ChemCam, na'urar da ke gano sinadaran dutse daga nesa, ta raunana, sannan ta daina amfani. Na'urar tana kan motar bincike ta Curiosity a kwarin Gale na duniyar Mars, sama da kilomita miliyan 200 daga duk wani mai gyaran da zai iya kwance ta ya duba. Babbar lezar da ke ƙona dutse lafiyarta ƙalau, haka ma na'urorin da ke karanta haske. Duk da haka, daga wannan lokaci har tsakiyar watan Mayun 2015, wata shida ke nan, awon da a da ake yi sau ɗaya sai an maimaita shi sau tara kafin a samu mai kyau guda.

## Na'urar da yadda take aiki

Wanda ya taɓa watsa gishiri a wutar murhu ya ga harshenta ya yi rawaya, ya riga ya ga tushen wannan fasaha. Kowane sinadari idan ya sha zafi mai tsanani yana fitar da haske mai launin da ya keɓanta da shi, kuma ana auna launin da tsawon zangonsa a ma'aunin nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Rawayar gishiri ta sodiyam ce, a nanomita 589. Kalsiyam yana bayyana a 393 da 397, alminiyam a 394 da 396, silikon a 288, haidurojin a 656, litiyam a 671. Baƙin ƙarfe kuwa layukansa ɗaruruwa ne, sun bazu ko'ina. Fasahar da ake taƙaita sunanta da LIBS ta sa leza a gurbin murhu. Ana tattara haske mai ƙarfi a kan ɗigo ɗaya na dutse, ɗan abin da ke wurin ya ƙone ya zama filasma, wato tururi mai tsananin zafi da ke walƙawa kamar tartsatsin walda, sai a kama wannan haske a rarrabe shi launi-launi a karanta abin da ke ciki.

ChemCam aikin haɗin gwiwa ne tsakanin Amurka da Faransa, kuma kashi biyu ce. Na sama yana kan dogon wuyan motar, kimanin mita 2 daga ƙasa. A Faransa aka ƙera shi, ƙarƙashin cibiyar IRAP ta birnin Toulouse da hukumar sararin samaniyar ƙasar, CNES. Ya ƙunshi babbar leza, da tabaron hangen nesa mai faɗin milimita 110, da kyamara mai suna RMI wadda ke ɗaukar hoto baƙi da fari. Na ƙasa yana cikin jikin motar, aikin ɗakin binciken Los Alamos ne da ke jihar New Mexico. A nan na'urorin rarrabe haske guda uku suke, tare da 'yar kwamfutar da ke tafiyar da komai. Zaren gilashi mai tsawon kusan mita 6 ne ke sauko da haske daga sama zuwa ƙasa. Na'urorin ukun sun raba aiki a tsakaninsu, suna karantawa daga nanomita 240 zuwa wajen 850, a gurabe 6,144.

Babbar lezar tana harbi a nanomita 1067, hasken da idon mutum ba ya gani. Kowane harbi yana ɗaukar kashi biyar cikin biliyan na daƙiƙa, kuma kimanin milijul 14 na makamashi ne ke isa jikin dutse. A aikin yau da kullum ana harbi uku a daƙiƙa, talatin a kan kowane ɗigo. Biyar na farko ba a sa su a lissafi, domin ƙurar da ta lulluɓe dutsen suke sharewa. Tana iya aiki har nisan mita 7, ɗigon da take ƙonawa kuma faɗinsa tsakanin milimita 0.35 ne da 0.55, gwargwadon nisa.

Akwai abu ɗaya a ƙirar da ya kamata mai karatu ya riƙe tun yanzu. Hasken leza mai fita, da hasken filasma mai dawowa, da hoton da kyamarar RMI ke ɗauka, duk ta tabarau ɗaya suke bi. A cikinsa akwai babban madubi da ba ya motsi, da ƙarami wanda wani ɗan inji ke turawa gaba ko baya taki-taki. Matsayin wannan ƙaramin madubi shi ne saitin nisa.

Yara kan ƙona takarda da ruwan tabarau a rana: in ka ɗaga hannu kaɗan ko ka sauke, ɗigon hasken ya baje, takarda ta ji ɗumi kawai. Lissafin ChemCam ma haka yake. Milijul 14 cikin kashi biyar na biliyan na daƙiƙa ya kama megawat 2.8. A zuba shi a ɗigo mai faɗin milimita 0.4, kowace murabba'in milimita za ta samu kusan megawat 22. Abin da ake buƙata don filasma mai kyau shi ne sama da megawat 10. Idan saiti ya kauce ɗigon ya buɗe zuwa milimita 0.6, an sauko daidai bakin iyakar. Idan ya kai 0.8, faɗin ya ninka biyu amma filin ya ninka huɗu, ƙarfi ya faɗo ƙasa da megawat 6. Lezar ta yi harbinta cikakke, dutse kuwa ko dai ya ba da ɗan haske mai rauni ko ya yi shiru.

## Agusta 2012 zuwa Oktoba 2014: lokacin da komai ke tafiya daidai

An harba Curiosity daga Cape Canaveral ranar 26 ga Nuwamba 2011, ta sauka a kwarin Gale ranar 6 ga Agusta 2012. Ranar 19 ga watan ChemCam ta yi harbinta na farko a kan wani ɗan dutse da aka sa wa suna Coronation, harbi 30 cikin daƙiƙa 10. Kafin ƙarshen 2013 ta wuce harbi 100,000.

Amfaninta ga tawagar a fili yake. Na'urar awon sinadarai da ke hannun motar sai an kai ta ta taɓa dutse, kuma cikakken awo kan ci sa'o'i. Haƙa dutse da kai garinsa ɗakunan gwajin da ke cikin motar kuwa aikin kwanaki ne. ChemCam tana tsaye daga nesa ta harbi duwatsu da yawa cikin ɗan lokaci, sakamakonta ya nuna wanne ne ya cancanci a tsaya a kansa. A wannan tsakanin ne ta gano haidurojin a cikin ƙurar Mars, ta gano filorin karon farko a duniyar, ta kuma nuna duwatsu masu yawan manganis.

Saitin nisa a lokacin kansa yake yi, ta hanyar ƙaramar lezar. Ita ba ta ƙona komai. Diyod ce mai haskawa a jere ba yankewa, a nanomita 785, kamar tocila mai siririn haske. Masu tsara aiki a duniya sukan ba na'urar ƙiyasin nisan dutsen. Sai ta kunna diyod ɗin a kan wurin da za a harba, ɗan injin ya yi ta tura ƙaramin madubi ta cikin zangon da ke kewaye da ƙiyasin, wani idon lantarki kuma yana auna yawan hasken da ke dawowa. Inda hasken ya fi ƙarfi nan ne saiti. Madubi ya koma can ya tsaya, babbar leza ta yi aikinta. Hanyar ba ta damu da ko dutsen yana rana ko yana inuwa ba, tunda haskenta take kawowa.

Wannan diyod guda ɗaya ce a cikin na'urar, ba ta da mataimakiya.

## Nuwamba 2014: diyod ta mutu

Motar ta iso gindin tsaunin Sharp a watan Satumban 2014, wurin da tun farko aka turo ta dominsa. Ta tsaya a wani shimfiɗaɗɗen dutse da aka kira Pahrump Hills, ta yi haƙarta ta farko a tsaunin a can, sannan ta fara zagaya wurin tana awo daga ƙasa zuwa sama. Ana cikin wannan aiki ne bayanan lafiyar na'ura suka nuna ƙarfin diyod ɗin yana raguwa. A lissafin kwanakin Mars, waɗanda ake kira sol, kowanne sa'a 24 da minti 39 da 'yan daƙiƙu, sol na 801 shi ne iyakar amfaninta.

Binciken da aka yi ya tabbatar da cewa matsalar ba ta taɓa sauran sassa ba. Babbar leza tana ba da ƙarfinta, injin madubi yana motsi, kyamara tana ɗauka, na'urorin rarrabe haske suna karantawa. Abin da aka rasa shi ne hanyar da na'urar ke sanin inda za ta tsayar da madubinta. Shugaban tawagar ya kwatanta ta a lokacin da wadda ta ɗan makance.

Canza diyod ba zance ba ne. Saita madubi da hannu daga duniya, kamar yadda mai hoto ke murza kyamara yana kallo, shi ma ba zai yiwu ba. Saƙo a watannin yana ɗaukar kusan rubu'in sa'a zuwa sama da minti 20 kafin ya isa, a tafiya ɗaya. Bayan haka ma ba a tuƙa motar kai tsaye. Ana haɗa umarnin yini guda a tura, motar ta aiwatar ita kaɗai, sakamako ya dawo ta kumbunan Odyssey da MRO da ke kewaya Mars idan sun gifta ta samanta. Masu tafiyar da ChemCam kansu karɓa-karɓa suke yi mako-mako tsakanin Los Alamos da Toulouse. Duk tambayar da aka yi wa na'urar yau, sai gobe ake jin amsa.

## Abin da bai wadatar ba: awon nisa daga kyamarorin tuƙi

Abu na farko da hankali zai kai gare shi shi ne a yi amfani da nisan da aka riga aka sani. A kan wuyan motar akwai kyamarorin tuƙi, dama da hagu, tazarar kimanin santimita 42 a tsakaninsu. Daga bambancin hotunansu ake lissafa nisan kowane abu da ke gaban motar, kamar yadda idanu biyu ke yi wa mutum. Da wannan lissafi ake tuƙi, da shi ake miƙa hannu, da shi kuma ake ba ChemCam ƙiyasinta na farko.

Ƙiyasin ya isa a fara nema, amma bai isa a tsaya a kansa ba. Kuskuren irin wannan awo yana ƙaruwa da ninkin nisa a kansa: in nisa ya ninka biyu, kuskure ya ninka huɗu. Sannan ɗigon leza bai kai rabin milimita ba a yawancin lokuta, alhali kowane ɗigon hoton kyamarar tuƙi ya fi shi faɗi nesa ba kusa ba. Idan wuyan motar ya kauce da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, harbin da aka nufa da gefen dutse zai iya faɗawa a ƙasar da ke bayansa, nisan ya canza. Ga kuma zafi da sanyi. Tsakanin dare da rana a kwarin Gale yanayi kan sauya da digiri goma-goma masu yawa, ƙarfe yana miƙewa yana tsukewa, matsayin madubin da ya dace da mita 3 da safe ba lallai ya dace da rana tsaka ba. Diyod ɗin tana shanye duk waɗannan kurakurai ba tare da kowa ya lura ba, domin a daidai lokacin harbi take awonta, ta cikin tabaron da za a yi harbin.

Haɗarin harbi a kan ƙiyasi kawai bai tsaya ga rashin samun haske ba. In babu haske ko kaɗan, kowa ya san awon ya lalace. Wanda ya fi wahalar kamawa shi ne saitin da ya kauce kaɗan. Filasma takan fito, amma ba ta kai zafin da ya kamata ba, sai layukan wasu sinadarai su ragu fiye da na wasu. Lissafin da ke juya haske zuwa kashi cikin ɗari an gina shi ne a kan samfuran duwatsu da aka harba a ɗakin gwaji da saiti mai kyau, cikin akwati mai iskar kabon dayoksaid a matsi irin na Mars. A ba shi hasken filasma mai sanyi, zai fitar da lambobi masu kama da gaskiya waɗanda ba daidai ba ne.

## Nuwamba 2014 zuwa Mayu 2015: tara don a samu ɗaya

Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Tunda na'urar ba ta iya zaɓar saiti, sai aka sa ta ta gwada da yawa, mutane su zaɓa daga baya. A kan kowane wuri ana umartar madubi ya tsaya a matsayi tara daban-daban, wasu gaban ƙiyasin wasu bayansa, a yi awon leza a kowanne. In hoto ake so, a ɗauki tara. Duk a turo su duniya. A nan masana su jera su, su ɗauki awon da haskensa ya fi ƙarfi ko hoton da ya fi fitowa tas, su ajiye sauran.

Dabarar ta yi aiki, kuma da ita aka ƙarasa Pahrump Hills. An yi haƙa a Mojave a watan Janairun 2015, a Telegraph Peak a watan Fabrairu. A watan Maris motar ta isa Garden City, inda jijiyoyin ma'adinai masu launi biyu, fari da duhu, suka taso sama da dutsen da ke kewaye da su. Farin sinadarin kalsiyam salfet ne, alamar ruwa ya taɓa bi ta tsagogin dutsen. ChemCam ta yi awo a kansu da wannan hanya ta lallaɓawa.

Sai dai kuɗin da ake biya yana da yawa. Lokacin da motar ke da shi na aikin kimiyya a yini ƙayyadadde ne, saboda wutar da injinta na nukiliya ke bayarwa ba ta fi wat 110 ba tun farkon tafiya, sauran daga batir ake ja a sake cikawa. Yawan bayanan da kumbuna ke iya kwasowa a giftawa ɗaya shi ma ƙayyadadde ne, kuma na'urori goma ke rabonsa. Duk awo takwas da za a zubar sun ci lokaci, sun ci wuta, sun ci gurbi a saƙo. Lezar kanta tana da iyakar harbin da za ta yi a rayuwarta.

Asarar da ta fi ciwo ga masu nazarin duwatsu ita ce ta yawan ɗigo. Ƙarfin ChemCam yana cikin jera harbi a layi, ɗigo biyar ko goma a kan dutse ɗaya, domin ɗigo guda na iya faɗawa a kan ƙwayar ma'adini ɗaya ya ba da labarin da ba na dutsen gaba ɗaya ba. A wuri irin Garden City, inda abin da ake nema shi ne yadda sinadarai ke sauyawa daga dutse zuwa ɓangaren duhu zuwa fari, layi mai ɗigo da yawa ake so. In kowane ɗigo zai ci ninki tara, dole a rage ɗigo ko a rage duwatsu. Akwai kuma wata 'yar matsala ta daban: harbe-harben duk a wuri ɗaya suke sauka, saboda haka kafin a zo kan saiti mai kyau, waɗanda suka gabata sun riga sun taɓa fuskar dutsen.

## Sabuwar manhaja

Tun ana cikin wannan hali injiniyoyi suka koma kan abin nan da aka ambata a farko, cewa kyamarar RMI da babbar leza tabarau ɗaya suke amfani da shi. Idan hoton wuri ya fito tas, madubi yana kusa da inda leza ke buƙata. Mutane a duniya suna yin wannan zaɓi da idanunsu kullum. Abin da ya rage shi ne a koya wa kwamfutar na'urar ta yi da kanta, a can, kafin ta yi harbi.

Tsarin da aka rubuta yana farawa da ƙiyasin nisa kamar da. Madubi ya bi matsayi tara, kyamara ta ɗauki hoto a kowanne. Sai manhajar ta ba kowane hoto maki gwargwadon kaifinsa. Yadda ake auna kaifi shi ne a kwatanta hasken kowane ɗigon hoto da na maƙwabtansa. A hoton da ya yi dishi-dishi, fari da baƙi sun narke cikin juna, bambancin maƙwabta kaɗan ne. A wanda ya fito sosai, bakin kowace ƙwayar yashi da kowace tsaga yana yanke tsaf, bambancin ya yi yawa. In aka jera makin tara sai su hau su sauka kamar tudu, ƙololuwar tudun ita ce saiti. Madubi ya koma can, a yi awon leza sau ɗaya ko a ɗauki hoto ɗaya, shi kaɗai za a turo.

A faɗe abu ne mai sauƙi, wayar hannu ma tana yin irinsa. Wahalar tana wurin da za a zuba shi. Gaba ɗaya manhajar da ke tafiyar da ChemCam kilobait 40 ce, ba ta kai nauyin hoto ɗaya da ake turawa a WhatsApp ba. Hoton RMI guda kuwa ɗigo 1024 ne sau 1024, sama da miliyan ɗaya. Kwamfutar ba a yi ta don sarrafa hoto ba, aikinta ta karɓa ta miƙa. Dole lissafin ya zama mara nauyi, kuma ya kula da yankin da leza za ta faɗa, don kada wani dutse na gefe da ya fi kusa ya ja saitin zuwa kansa. Sannan kyamara tana gani da hasken rana, leza tana aiki a nanomita 1067, saboda haka sai an auna 'yar tazarar da ke tsakanin inda hoto ya fi kyau da inda leza ta fi tsukewa, a sa ta cikin lissafi. A nan fayafayan gwaji guda goma da ke manne a bayan motar suke da amfani, domin an san abin da ke cikinsu, an san kuma nisansu, mita 1.56 daga tabaron.

Babbar fargaba ita ce ba ƙari za a liƙa a gefe ba, manhajar da ke riƙe da na'urar baki ɗaya za a sauya. Kuskure ɗaya zai iya mayar da na'ura mai ɗingishi ta zama gurguwa. Shi ya sa aka bi matakai uku kafin a tura. An fara gwadawa a kan tagwayen na'urar da ke ɗakin gwaji a Los Alamos, aka sake a kan wata a Faransa, sannan aka kai ta kan motar gwaji ta cibiyar JPL da ke Pasadena a jihar Kalifoniya, inda ake duba yadda za ta yi magana da kwamfutar motar kanta. Sai da ta tsallake duka aka ba da izini.

## Mayu 2015: gwaji a Mars

An ɗora manhajar a farkon rabin watan Mayu, aka yi gwaje-gwajen tabbatarwa. Ranar 15 ga Mayu 2015 na'urar ta saita kanta a kan dutsen farko na aikin kimiyya, wanda aka sa wa suna Yellowjacket. Hoton ya ɗauki fili mai faɗin kimanin santimita 6, siraran shimfiɗun dutsen sun fito ɓaro-ɓaro. Aka koma awo ɗaya a kowane ɗigo, aka koma jera layuka kamar da.

## Bayan gyara

Ba a jima ba aka ga amfanin. A ƙarshen watan Mayu motar ta hau Marias Pass, inda duwatsu iri biyu suka haɗu. ChemCam ta harbi wani dutse mai suna Elk ta samu silika mai yawan da ba a taɓa gani ba a tafiyar. A watan Yuni rana ta shiga tsakanin duniya da Mars, aka dakatar da tura umarni na wasu makonni. Da aka dawo aiki aka nazarci sakamakon, sai tawagar ta juyo da motar baya mita 46 don ta sake duba wurin. Ranar 30 ga Yuli aka haƙa wani dutse mai suna Buckskin a yankin, na'urar CheMin da ke cikin motar ta samu tiridimait a garinsa, wani nau'in silika da a duniyarmu ake dangantawa da aman wuta mai tsananin zafi.

Sabuwar hanyar ta zo da ribar da ba a nema ba. Hasken diyod yana raunana da nisa, ba zai je tsauni ya dawo ba. Kaifin hoto kuwa ana iya auna shi ko abin yana nisan kilomitoci. Daga nan RMI ta zama tabaron leƙen hanya, ana ɗaukar hotunan shimfiɗun tsaunin Sharp da bangon kwarin tun motar ba ta isa ba. Daga watan Mayun 2016 kuma aka fara amfani da manhajar AEGIS a kai a kai: motar in ta gama tafiyar yini, ita ke zaɓar dutse daga hotunan kyamarar tuƙi ta sa ChemCam ta harba, ba tare da jiran duniya ba. A 2017 yawan harbi ya wuce rabin miliyan.

Akwai abin da aka rasa. Saiti da hoto yana son haske, yana kuma son dutse mai zane ko ƙwayoyi. Wuri mai duhu, ko fuska mai sulɓi da launi ɗaya, ba ya ba manhajar abin kamawa sosai, makin tara sai su yi kusan daidai. Masu tsara aiki sun koyi duba inuwa da lokacin yini kafin su zaɓi wuri. Da aka zo ƙera SuperCam, ƙanwar ChemCam da ke kan motar Perseverance wadda ta sauka a kwarin Jezero ranar 18 ga Fabrairu 2021, an sa mata hanyoyin biyu duka, ta diyod da ta hoto.

## Hukunci

Raunin ƙirar farko a bayyane yake: na'ura mai wannan muhimmanci ta rataya a kan diyod guda. Ana iya yi wa maƙeranta uzuri, tunda kowane giram a kan wuyan motar da lissafi ake sa shi, kuma diyod ɗin ta yi sol 800, ta wuce shekarar Mars ɗaya da aka tsara wa tafiyar tun farko. Amma sa hanyoyi biyu a SuperCam ya nuna su kansu ba su so a maimaita ba.

Awon nisa daga kyamarorin tuƙi ya gaza ne domin daga waje yake zuwa, an yi shi da wasu idanu a wani lokaci dabam. Dabarar tara ta tsare ingancin sakamako, kuma daidai ne da aka zaɓi a rage yawa a kan a karɓi lambobin da ba a amince da su ba, sai dai ba abin da za a zauna a kai shekaru ba ne. Manhajar ta yi nasara saboda abubuwa uku da aka tanada tun kafin a san za a buƙace su: kyamara da leza a tabarau ɗaya, kwamfutar da ake iya sauya wa manhaja daga nesa, da tagwayen na'urar a duniya da za a yi kuskure a kansu. A ganina na farkon ya fi sauran nauyi. Da RMI tana da nata tabaron daban, kaifin hotonta ba zai faɗi komai game da lezar ba.

Masu riƙe da ƙananan na'urorin LIBS na hannu, irin waɗanda ake tantance gaurayen alminiyam da su a wuraren tarkacen ƙarfe, ko ake neman litiyam da su a duwatsu irin na jihar Nasarawa saboda na'urar XRF ta hannu, mai awon sinadarai da hasken X-ray, ba ta ganin litiyam, wannan lissafi na faɗin ɗigo bai bar su ba. A irin waɗannan na'urori an tsara saitin ne a daidai bakin na'urar. Dutse mai gargada, ko bututu mai lanƙwasa, ko hannun da ya karkata, duk suna ɗaga fuskar samfurin daga inda haske ya tsuke, na'urar kuma za ta iya nuna lamba duk da haka. In sakamako ya fara sauka ko yana tsalle-tsalle, kafin a zargi leza a goge gilashin bakin, a gurza wurin ya yi sumul ya kwanta, a danna na'urar ta zauna daram, sannan a harbi samfurin gwajin da aka san abin da ke cikinsa a ga ko lambarsa ta dawo.